Bawan da ya saci karatu da tsakar dare: kada mu mai da labarinsa hujjar barin yara ba makaranta

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, muna zaune a majalisarmu ta gefen mai shayi, hira ta gangaro kan mawaƙa da marubuta. Sai na ba su labarin wani mutum da na daɗe ina bin tarihinsa, Juan Francisco Manzano, bawa a ƙasar Kyuba da aka haifa wajen 1797. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa rubutu, amma ya wallafa waƙoƙi tun yana cikin bauta, ya rubuta tarihin rayuwarsa, daga baya kuma ya rubuta wasan kwaikwayo.

Ina rufe baki, wani dattijo da nake girmamawa ya ajiye kofinsa ya ce, "To ka gani, Malam? Abin da nake faɗa kullum ke nan. Baiwa daga Allah take. Wanda zai yi, zai yi, ko an sa shi makaranta ko ba a sa shi ba." Kusan kowa ya gyaɗa kai.

Ban ja da shi a wurin ba, don babba ne. Amma na koma gida maganar tana cina, domin na san inda irinta take ƙarewa. Da ita ake kwantar da hankali idan an bar yaro yana gararamba a tasha, da ita ake rufe bakin yarinyar da ta ce tana son komawa aji.

Ni a ganina labarin Manzano bai goyi bayan Baba ba ko kaɗan. Shaida ce a kan waɗanda suka hana shi karatu. Wanda ya karanta yadda mutumin nan ya koyi riƙe alƙalami, sannan ya fito yana cewa koyarwa ba dole ba ce, ya juya wa labarin baya.

Yadda ya koya

Uwargijiyarsa ta farko, Marquesa de Jústiz de Santa Ana, tsohuwa ce mai dukiya a Habana, babban birnin Kyuba, ta ɗauke shi kamar ɗan lele. Yana da shekara 6 aka tura shi wurin wata mata da ke koyar da yara addinin Kirista da ka. Kafin ya wuce shekara 10 yana iya zuba dogayen huɗubobin malamin coci Fray Luis de Granada daga farko har ƙarshe, baƙi suna taruwa suna mamaki. Ana jin daɗin haddarsa, ana nuna shi ga jama'a, amma rubutu aka ce ba nasa ba ne. Ɗinki aka koya masa.

Yana ɗan shekara 12 ya riga ya tsara waƙoƙi da yawa a ka, irin waɗanda mutanen Kyuba ke kira décima. Baiti ne mai ɗango 10, kowane ɗango gaɓa 8, da amsa-amo mai tsari. Ita ce waƙar manoma da mutanen karkara a can. Tunda ba ya iya rubutawa, sai ya riƙa karanta wa wata yarinya tana rubuta masa.

Da tsohuwar ta mutu ya faɗa hannun Marquesa de Prado Ameno, inda ya ga tasku. Amma ko a cikin wannan hali bai daina kai kunne ba. Idan malamin zane ya zo koyar da 'ya'yan gida, shi yana tsaye a bayan kujera a matsayin bara. Yana kallo, yana tsintar guntayen fensir da takardun da aka yar, har ya iya zane.

Rubutu kuwa ya same shi ne lokacin da yake yi wa Don Nicolás de Cárdenas hidima a Habana. Ubangidan yana karatu da sassafe, shi kuma yana ɗaukar littafinsa na balaga yana haddace shafi, ko da bai gane ma'ana ba. Sai ya sayi alƙalami da takarda marar kauri, ya riƙa tsince takardun da ubangidan ya rubuta ya yar, ya ɗora tasa a kai, yana bin sawun haruffan ɗaya bayan ɗaya. Kafin wata guda hannunsa ya fara kama da na ubangidansa. Da aka gane, aka ce ya bari, wannan ba aikin irinsa ba ne, ya koma ɗinki. Sai ya riƙa jira kowa ya yi barci, ya kunna guntun kyandir ya ci gaba.

Ku dubi wannan da kyau. Muna cewa ya koya wa kansa, amma a kowane mataki akwai malami: mai huɗuba, malamin zane, littafin balaga, rubutun hannun ubangidansa. Malaman wasu ne, shi kuwa ta taga yake leƙensu. Mutumin da ya yi wannan wahala don ya samu abin da ake ba ɗan gida a faranti, shi ne za a kafa hujja da shi a ce makaranta ba kome?

"Ai duk da haka ya yi nasara"

Wannan ce hujjar farko, kuma ita ce mafi daɗi a baki. Ya wallafa kundin waƙoƙi a 1821, alhali bawa sai da izini na musamman yake iya buga littafi. Gaskiya ne.

To amma mu ƙirga. Ƙidayar 1841 ta nuna akwai bayi sama da 400,000 a Kyuba. Daga cikin duk bayin da suka rayu a ƙasashen Amurka masu magana da Sifaniyanci, tarihin rayuwa guda ɗaya tak aka sani wanda bawa ya rubuta da hannunsa a zamanin bauta, shi ne na Manzano. Ɗaya. Shin sauran duk Allah bai ba su baiwa ba ne? Masu yankan rake a gonakin Matanzas, waɗanda ba su taɓa tsayawa a bayan kujerar ɗan gida ba balle su tsinci takarda, babu mai kaifin ƙwaƙwalwa a cikinsu?

Idan manomi ya watsa iri a kan dutse, ƙwaya ɗaya ta faɗa tsaga ta tsiro, ba ya zuwa kasuwa yana shelar cewa dutse ya fi fadama. Yana kukan buhun da ya yi asara ne.

Kuma nasarar ma da tabonta. Rubutun hannunsa na asali, wanda ke ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasa a Habana, cike yake da kurakuran haruffa, jimloli suna bin juna kusan ba aya ba waƙafi. Saboda haka sai da wasu suka sa hannu kafin duniya ta gani. Wani marubuci, Anselmo Suárez y Romero, ya gyara ya goge. Wani likita ɗan Ailan mai yaƙi da cinikin bayi, Richard Madden, ya fassara zuwa Turanci ya buga a Landan a 1840, ya rage abin da ya ga dama, kuma littafin ya fita ba cikakken sunan mai shi a jiki. A harshen da ya rubuta shi kuwa, ba a buga shi a Kyuba ba sai 1937, bayan shekara 80 da wani abu da rasuwarsa.

Ni dai na fi son a buga shi yadda ya rubuta, da kurakuransa, domin kowane harafi da ya karkace yana nuna inda aka tsaya masa a hanya. Amma abin lura shi ne, wanda aka hana karatu, ko ya yi fice, maganarsa a hannun wasu take. Su za su zaɓi abin da za a ji. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa ta miƙa wa yaro wayarta ya karanta mata saƙon banki, tana kallon bakinsa ba ta da yadda za ta tabbatar, ya san abin da nake nufi.

"Wahala ce ta gasa shi"

Wani a majalisar ya ƙara da cewa da ya samu gata da bai zama mawaƙi ba, wai sai an sha wuya akan sha daɗi. Wannan magana ta fi ta farko ɓata min rai.

Bari in faɗi irin wahalar. Wata rana yana bin uwargijiyarsa ta biyu a lambu, ya tsinki ganyen wani fure mai ƙamshi yana murzawa a hannu, hankalinsa yana can wurin baitocin da yake tsarawa. Ta ji ƙamshin a yatsunsa. A kan wannan ganye ɗaya aka sa shi a turu, aka yi masa bulala. Wani lokaci aka zarge shi da satar kaza, aka kwana da kwanaki ana dukansa, daga baya aka gano wani ne ya ci. Yana yaro akan kulle shi a ɗakin gawayi mai duhu, ba ci ba sha, ɓeraye suna bi ta kansa. Shi da kansa ya rubuta cewa waɗannan abubuwa sun bar masa baƙin ciki da yawan kuka da bai rabu da su ba.

Waƙar tana tare da shi kafin bulala. Ya fara ta ne a shekarun da ake lallaɓa shi. Abin da bulala ta yi wa waƙarsa kuwa, 1844 ta nuna. A shekarar ce gwamnatin mulkin mallaka ta Sifaniya, ƙarƙashin gwamna Leopoldo O'Donnell, ta ce ta gano shirin tawayen bayi da baƙaƙen fata 'yantattu. Aka riƙa ɗaure mutane a jikin tsani ana zane su har su ambaci sunaye, shi ya sa tarihi ke kiran abin La Escalera, wato tsani. Aka harbe mawaƙi Plácido a Matanzas a watan Yunin shekarar, mutumin da sana'arsa sassaƙa matajin kai ce. Manzano ma aka kama shi, ya yi wata da watanni a kurkuku, aka sake shi a 1845 ba a same shi da laifi ba.

Daga nan bai ƙara wallafa kome ba har ya rasu a farkon shekarun 1850, cikin talauci. Mutumin da ya kunna kyandir a ɓoye don ya koyi harafi, ya ajiye alƙalami da kansa. Wannan ita ce gasawar da ake yaba wa.

Wasan da ya rubuta da ya samu sarari

Abin da ya fi tabbatar min da ra'ayina shi ne aikin da ya yi a 'yan shekarun da ya samu numfashi. An 'yanta shi a 1836. A 1842 ya fitar da Zafira, wasan kwaikwayo na ban tausayi mai kashi 5, duka a waƙe.

Labarin ba a Kyuba yake ba. Ya kai shi Arewacin Afirka, cikin Musulmi, a ƙarni na 16. Barbarossa, jarumin teku da ya zo a matsayin mai taimako, ya kashe sarki ya haye gadonsa, yana kuma neman auren matarsa Zafira. Ɗan sarkin, Selim, wanda ake zaton ya mutu, ya dawo neman haƙƙin gidansu, kuma cikin waɗanda suka tsaya masa har da wani bawa mai suna Noemí. Masana da dama suna karanta wasan a matsayin zance mai harshen damo: ƙasar da baƙo ya ƙwace, da bawan da ya fi masu sarauta amana. A ƙarƙashin masu tace littattafai na Sifaniya, ba yadda za a yi tsohon bawa ya faɗi haka ƙarara.

Wasa mai kashi 5 ba a tsara shi da baiwa kaɗai. Sai mutum ya karanta wasannin wasu, ya san tarihi, ya san yadda ake gina fage da yadda ake riƙe ma'aunin waƙa a bakin mutum goma. Manzano ya kai nan ne bayan ya shiga cikin masu karatu, ana ba shi aron littattafai, ana sauraronsa, ana yi masa gyara. Shekara 6 na 'yanci suka ba da wannan. Ina ga a ce an ba shi wannan dama tun yana ɗan shekara 6?

"To su Shata fa?"

Na san za a kawo wannan, kuma hujja ce mai nauyi. Alhaji Mamman Shata bai yi boko ba, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma ɗalibai suna samun digiri a kan waƙoƙinsa. Ba mai hankalin da zai ce takardar shaida ce ke yin mawaƙi.

Na yarda da wannan gaba ɗaya. Na kuma yarda cewa makarantunmu da yawa yaro yana shekara shida a ciki ya fito bai iya karanta sunansa ba, kuma uban da ya ga haka yana da dalilin yin sanyi. Ilmi ya fi boko faɗi.

Amma a duba da kyau, manyan mawaƙanmu ba daga sama suka faɗo ba. Musa Ɗanƙwairo a gidan kiɗa ya tashi, ya yi amshi a bayan manyansa kafin ya ja gaba. Aliyu Namangi makaho ne, amma ya zauna gaban malamai a Zariya, kuma duk wanda ya saurari Imfiraji ya san akwai karatu a bayanta. Wannan ma makaranta ce, da malami, da horo, da shekaru. Bambancinsu da Manzano shi ne su an buɗe musu ƙofa sun shiga, shi kuwa an rufe masa.

Mutanen Kyuba ma ba su zauna suna jiran baiwa ta faɗo ba. Waƙar nan ta manoma da ake ƙirƙira nan take a gaban jama'a, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon al'adun duniya a 2017, yau akwai azuzuwan da ake koya wa yara ita. A 1961 kuma ƙasar ta tura dubban matasa ƙauyuka da fitila da littafi, mutum sama da 700,000 suka koyi karatu da rubutu cikin shekara guda. Mutum yana iya samun abin faɗa da yawa game da gwamnatin da ta yi wannan, ni ma ina da nawa. Amma a kan wannan batu, ƙasar da ta hana Manzano alƙalami ta ɗauki darasin da ya dace daga tarihinta.

"Mai baiwa ba ya rasa mai taimako"

Hujja ta ƙarshe ita ce, ai ga shi Allah ya haɗa shi da masu hali. Haka ne. Domingo del Monte, mai tara marubuta a gidansa, shi ya ja shi a jiki. A 1836 Manzano ya karanta wata waƙarsa a kan shekarunsa 30 na wahala a gaban wannan majalisa, jikin mutane ya yi sanyi, suka yi karo-karo suka biya kimanin peso 800 aka fanshe shi. Ban raina wannan alheri ba.

Sai dai a lokacin yana dab da shekara 40. Ƙuruciyar ta tafi. Kuma del Monte ne ya nemi ya rubuta tarihin nasa, domin a haɗa da wasu takardu a miƙa wa Madden. Wasiƙun Manzano sun nuna yana rubutun ne cikin fargaba, yana auna abin da zai faɗa da abin da zai haɗiye, domin waɗanda yake ba da labarinsu suna raye, suna da ƙarfi. Da guguwar 1844 ta taso, del Monte yana Turai. Manzano ne ke kurkuku.

Rayuwar yaro ba a jingina ta ga sa'ar haɗuwa da mai kirki. Cikin yara dubu, nawa ne za su tsaya gaban masu kuɗi da waƙar da za ta sa su kuka?

Yarinyar bakin ƙofa

Abin da ya sa maganar Baba ta tsaya min a wuya shi ne wani abu da na gani da idona. Kwanakin baya na je wani gida gaisuwa da yamma. Malamin lesin yana falo da yaran gida uku, ana bitar jadawalin lissafi. A bakin ƙofar kicin akwai 'yar aiki, ba za ta wuce shekara 10 ba, an kawo ta daga ƙauye. Tana riƙe da tsintsiya, amma ba shara take ba. Malam ya ce bakwai sau takwas, yaran gida suka yi shiru suna kallon silin. Na ga leɓen yarinyar ya motsa. Ta faɗi amsar a hankali, daidai.

Sai muryar uwar gida ta fito daga ciki: "Ke, me kike tsaye yi a nan? Kwanukan fa?" Ta juya da sauri ta shige.

Matar nan ba muguwa ba ce. Tana ciyar da yarinyar, tana yi mata ɗinkin salla, kuma na tabbata da za a tambaye ta za ta ce idan yarinyar tana da rabo za ta samu. Ban kwatanta gidan da bautar Kyuba ba, tazarar tana da nisa. Amma tsayuwar nan ta bakin ƙofa, kunne a aji hannu a aiki, ita ce tsayuwar Manzano a bayan kujera. Na yi shiru a ranar, kuma shirun yana damuna har yanzu. Na yi niyyar komawa in yi wa maigidan magana a kan makarantar gwamnati da ke bayan layinsu, ko da ta yamma ce.

Baba kuwa zan same shi shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba, in karanta masa yadda tarihin Manzano ya ƙare. Ya rubuta kashi na biyu, amma ya ɓace a hannun ɗaya daga cikin mutanen majalisar del Monte, ba a ƙara ganinsa ba. Abin da ya rage mana ya tsaya ne a daren da ya gudu daga hannun uwargijiyarsa ta biyu, yana saurayi. Ya ji labarin za a sake tura shi gonar da ake azabtar da shi. Ya jira gida ya yi tsit, ya ɗaura wa doki sirdi, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya durƙusa ya yi addu'a, ya hau. Yana fita ya ji wata murya cikin duhu tana yi masa fatan Allah ya kai shi lafiya, tana cewa ya yi sauri. Ya kama hanyar Habana.